Jensen, Sunan Uba da Doka Ta Mayar Sunan Zuriya

Duk wanda yake bibiyar ƙwallon ƙafa ta Turai, ko yake sauraron labaran ƙasashen arewacin nahiyar, ya saba jin sunaye masu ƙarewa da "sen" ko "son", irin su Eriksen da Christensen da Larsson da Andersson. A cikin wannan ayari na zaɓi in yi magana a kan Jensen, wanda masu shi suke furtawa "Yensen", domin harafin J a harsunan Sikandinebiya sautin Y yake bayarwa. Shekaru masu yawa babu sunan iyali da ya kai shi yawa a ƙasar Danmak. A 1971 mutum sama da 360,000 ne suke amsa shi, a lokacin da jama'ar ƙasar duka ba su cika miliyan biyar ba, wato fiye da kashi 7 cikin 100, har ta kai idan 'yan ƙasar za su ba da misali da talaka na gari sai su ce "hr. og fru Jensen", ma'ana malam Jensen da maiɗakinsa. Abin da ya fi jan hankalina game da shi kuwa shi ne, asalinsa ba sunan iyali ba ne ko kaɗan. Bayani ne kawai na wane ne mahaifin mutum, yana sauyawa daga uba zuwa ɗa, har ranar da hukuma ta sa hannu ta tsayar da shi wuri ɗaya.

Ginin sunan ba shi da wahala. Abu biyu aka haɗa: Jens, sunan yanka na namiji, da kalmar søn wadda take nufin ɗa. A tsofaffin takardu ana ganin sa a rubuce Jenssøn, amma da yake mutanen Danmak suna sassauta gaɓar ƙarshe ta kalma idan ba a kanta nauyin murya ya faɗa ba, sai søn ta koma sen, aka kuma zubar da S ɗaya a rubutu. Mutanen Suwidin ba su yi wannan sassauci ba, shi ya sa suke rubuta Johansson da Karlsson da S biyu. Ta farko ta mallaka ce, tana yin aikin da N take yi a cikin "ɗan" ko "gidan", ta biyu kuma ita ce farkon kalmar son. Norwe ta bi salon Danmak saboda ta shafe sama da shekara 400 a ƙarƙashin sarautar Kopenhagen, babban birnin Danmak, har zuwa 1814, kuma limaman coci da akawunan gwamnati na wancan zamani da harshen Danmak suke rubutu. Don haka mai lura yakan iya cankar ƙasar mutum daga wutsiyar sunansa, ko da yake ƙaura da auratayya sun cakuɗa abin a wurare da dama.

Shi kuwa Jens ɗin, baƙo ne a ƙasar da ya yi kaka-gida. Tushensa sunan Ibrananci ne, Yohanan, mai ma'anar "Ubangiji ya yi alheri". Girkawa suka ɗauke shi suka ce Ioannes, masu Latin suka ce Iohannes, daga nan kowace al'ummar Turai ta datse shi daidai da bakinta: Ingilawa suka ce John, Faransawa Jean, Sifaniyawa Juan, Rashawa Ivan. A arewacin Turai an datse shi ta fuska biyu. Waɗanda suka riƙe farkon sunan suka sami Jon da Jens da Jöns da Johan, waɗanda suka riƙe ƙarshensa kuma suka sami Hans, wanda ya yaɗu ta hanyar hulɗa da Jamusawa. Wannan yana nufin Jensen da Hansen da Johansen da Johansson da Jonsson da Hansson duk abu ɗaya suke faɗa da baki daban-daban. A Norwe Hansen ne sunan da ya fi kowanne yawa, Johansen yana biye da shi, a Suwidin kuma Johansson ya daɗe yana kan gaba kafin Andersson ya wuce shi. Hansen ɗin nan shi ne likitoci suke ambata idan suna kiran kuturta cutar Hansen, saboda Gerhard Armauer Hansen ne ya gano ƙwayar da take haddasa ta a garin Bergen a 1873. Akwai kuma wani masanin kimiyyar fizis ɗan Hamburg da ya sami kyautar Nobel a 1963, cikakken sunansa Johannes Hans Daniel Jensen, wato suna ɗaya ne ya maimaitu sau uku a jikin mutum ɗaya, kowanne da irin tufafinsa.

Mutumin da ya sa sunan ya yi wannan farin jini ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ɗan Annabi Zakariyya, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya, Kiristoci masu jin Hausa kuma suke kira Yohanna Mai Baftisma, sannan akwai wani Yohanna a cikin almajiran Annabi Isa wanda ya ƙara wa sunan daraja a wurin Kiristoci. Malaman tafsiri da yawa suna danganta lafazin Yahaya da tushen kalmar rayuwa a Larabci, don haka lafuzzan biyu kowanne da hanyar da ya biyo, amma mutumin da ake nufi ɗaya ne. Har yau a Danmak da Norwe, a daren 23 ga watan Yuni, ana hura manyan wutace a bakin teku da filaye ana waƙoƙi don bikin da suke kira Sankt Hans, wato jajibirin ranar da coci ta keɓe wa haihuwarsa. Da za a juya Jensen zuwa Hausa ta la'akari da mai sunan na asali, da Ɗanyahaya za a ce.

Al'adar kiran mutum da sunan ubansa ta girmi zuwan Kiristanci arewacin Turai nesa ba kusa ba. A zamanin mayaƙan ruwa da ake kira Bayikin, sunayen yanka na gida ne: Ulf shi ne kyarkeci, Arne gaggafa, Sten dutse, wasu kuma an gina su a kan sunan Thor, abin bautarsu na tsawa, kamar Thorsten da Thorkil. Leif Eriksson, wanda jirginsa ya isa gaɓar Arewacin Amurka wajen shekara ta 1000, ɗan Erik ne mai laƙabin Ja, 'yar'uwarsa kuma Freydis Eriksdottir ake ce mata, wato 'yar Erik. A garin Jelling da ke yankin Jutland akwai wani babban dutse da aka sassaƙa wa rubutu wajen shekara ta 965, inda Sarki Harald ya ambaci mahaifinsa Gorm da mahaifiyarsa Thyra, ya kuma yi iƙirarin cewa shi ne ya mayar da mutanen Danmak Kiristoci. Harald Gormsson ke nan, wanda laƙabinsa na "mai shuɗin haƙori" aka ara aka raɗa wa fasahar Bluetooth da ke cikin wayoyinmu. Daga zamaninsa ƙirar sunan ba ta sauya ba, abin da ake zubawa a ciki ne ya sauya. A cikin 'yan ƙarnuka sunayen waliyyan coci suka ture yawancin na gargajiya: Nikolaus ya zama Niels, Petrus ya zama Peder, Andreas ya zama Anders, Laurentius ya zama Lars, Erasmus ya zama Rasmus, Matthias ya zama Mads, Georg ya zama Jørgen. Kaɗan ne daga cikin tsofaffin suka tsira da ƙarfinsu, kamar Erik da Knud da Olaf, kuma su ma abin da ya taimaka musu shi ne an sami sarakuna masu waɗannan sunaye da coci ta ɗaukaka zuwa matsayin waliyyai, irin Olaf na Norwe da aka kashe a yaƙin Stiklestad a 1030. Lokacin da Danmak ta rabu da cocin Roma ta koma tafarkin Luther, malamin cocin Jamus da ya yi wa Paparoma bore, a 1536, sunayen sun riga sun zama na gida, babu mai tuna cewa aro ne. Jens ya zama ruwan dare har ya koma laƙabin kowane ƙaramin sojan Danmak, kuma har yanzu ana kiran sojojin ƙasar "jenser".

Sai dai addini kaɗai bai isa ya bayyana yadda sunaye 'yan kaɗan suka mamaye ƙasa baki ɗaya ba. Akwai ƙa'idar raɗin suna da manoman karkara suka riƙe da ƙarfi. Ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba ake ba shi, na biyu sunan kakansa na wajen uwa, 'ya'ya mata kuma a ba su sunayen kakanninsu mata. Idan yaro ya rasu yana ƙarami, abin da ya yawaita a lokacin, sai a mayar wa wanda aka haifa bayansa da sunan. Idan mace ta rasu mijinta ya sake aure, 'yar farko da amarya za ta haifa sunan marigayiyar za ta ci, haka ma idan miji ne ya rasu. Da irin wannan tsari, sabon suna ba ya samun ƙofar shiga gida.

Mu ƙaddara wani gidan gona a Jutland wajen shekara ta 1780, a matsayin misali kawai. Tsohon gidan, wanda ya miƙa gona ga ɗansa ya koma ɗakin baya, sunansa Jens Hansen, domin mahaifinsa Hans ne. Maigidan na yanzu Niels Jensen ne, ɗan Jens. Matarsa Maren Pedersdatter ce, 'yar Peder, kuma aure bai taɓa sunanta ba, da shi za a binne ta. Ɗansu na fari Jens Nielsen, na biyu Peder Nielsen, 'yarsu kuma Karen Nielsdatter. Mutum shida ne a kan teburin cin abinci ɗaya, amma sunaye na biyu iri biyar ne a tsakaninsu, kuma babu wanda yake ganin wani abin mamaki a ciki. Idan ƙaramin Jens ya girma ya haifi namiji, Niels Jensen za a kira shi, sai sunan kaka ya dawo cif. Haka za a yi ta juyawa, Niels Jensen ya haifi Jens Nielsen, Jens Nielsen ya haifi Niels Jensen, har tsawon shekara ɗari biyu a gona ɗaya. Masu binciken asali da suke bin littattafan coci, waɗanda aka wajabta wa limaman Danmak ajiyewa tun 1645 da 1646, sun san irin ciwon kan da wannan yake jawowa, domin a ƙauye ɗaya ana iya samun Jens Nielsen huɗu ko biyar suna raye a lokaci guda.

Mutanen ƙauyen kansu ba su ruɗe ba, saboda ba da wannan sunan suke kiran juna yau da kullum ba. Kowa yana da laƙabi. Wani Jens Smed ne, wato maƙeri, wani Jens Møller, mai injin niƙa, wani Jens Skrædder, tela. Akwai Store Jens da Lille Jens, babba da ƙarami. Mafi yawa kuma da sunan gonar da mutum yake zaune ake kiran sa, kamar Vestergaard da Østergaard da Nørgaard da Søndergaard, wato gonar yamma da ta gabas da ta arewa da ta kudu. Laƙabin nan shi ne yake bambanta mutum da maƙwabcinsa, sunan uba kuwa yana nan ne a littafin liman da takardar kotu.

Masu mulki ne suka fara gajiya da wannan tsari, kuma daga sama suka faro. A 1526 Sarki Frederik na Ɗaya ya umarci gidajen sarauta da su riƙe tsayayyen sunan zuriya. Limamai da attajiran birane suka biyo baya a hankali, wasu da sunayen Latin, wasu da na Jamusanci, wasu kuma suka riƙe sunan uba suka daina sauya shi. Shahararren marubucin tatsuniyoyin nan Hans Christian Andersen, wanda aka haifa a Odense a 1805, misali ne na wannan sauyi da ya fara a birni kafin doka ta zo. Mahaifinsa Hans Andersen ne, mai ɗinkin takalma, mahaifiyarsa kuma Anne Marie Andersdatter. Da an bi tsohuwar ƙa'ida, da duniya ta san shi da Hansen. A yankin Schleswig an kafa dokar tsayayyen suna tun 1771, amma a sauran ƙasar sai ranar 30 ga watan Mayu na 1828, a zamanin Frederik na Shida, aka fitar da dokar da ta ce duk yaron da za a yi wa baftisma dole a ba shi sunan iyali da zai ci gaba da amsawa. Dalilin hukuma a bayyane yake: tana son sanin wa ya isa shiga soja, wa zai biya haraji, wa ya gaji wa, kuma jerin sunaye da yake sauyawa daga uba zuwa ɗa ba ya taimakon akawu.

Manoma ba su yi tawaye ba, sun dai yi abin da manoma suka iya. Dokar ta bar wa iyaye zaɓi, don haka da yawa suka ci gaba da ba yaro sunan mahaifinsa da "sen" a ƙarshe kamar yadda aka saba, suka ce wa liman ai wannan shi ne sunan iyalin. Aka yi kusan shekara talatin a haka, har sai a 1856 gwamnati ta toshe ƙofar, ta ce sunan da aka riga aka rubuta shi ne zai bi 'ya'ya da jikoki. A nan ne abin ya daskare. Duk wanda sunan Jensen ya kama a wannan tsakani, zuriyarsa ta zama Jensen ko da babu wani Jens da aka sake haifa a gidan.

A ganina, wannan yana cikin wuraren da garin neman gira aka rasa ido. Hukuma ta fito neman hanyar bambanta mutane, sai ta ƙare da tsayar da ɓangaren sunan da ya fi kowanne rashin bambantawa, aka bar laƙabin sana'a da na gona, waɗanda su ne suke aiki a bakin jama'a, a wajen littafi. An yi asara iri biyu. Ta farko, sunan ya daina faɗin gaskiya. Kafin dokar, idan ka ji Jensen ka san sunan mahaifin mutum, bayan dokar kuwa abin da ka sani kawai shi ne, wani kakan kakansa da ya rayu a farkon ƙarni na 19 ana ce masa Jens. Bai kuma zama shaidar dangantaka ba, domin dubban Jens da ba su san juna ba ne suka haifar da gidajen Jensen na yau, kuma masu sayar da tambarin zuriya a intanet da suke cewa ga "tambarin gidan Jensen" suna sayar da abin da bai taɓa wanzuwa ba ne. Asara ta biyu ta mata ce. Kalmar datter ta ɓace daga littattafai, aka koma rubuta 'ya mace da "sen", wato ɗan wane, sannan al'adar ɗaukar sunan miji, wadda ta faro daga manyan birni, ta iso karkara. Shi ya sa a yau mace irin Mette Frederiksen, wadda ta zama firaministar Danmak a 2019, take ɗauke da sunan da ma'anarsa ta zahiri ita ce ɗan Frederik, haka ma Magdalena Andersson da ta riƙe irin wannan muƙami a Suwidin daga 2021 zuwa 2022.

Ba a daɗe ba aka gane an yi ɓarna. Da jama'a suka fara kwarara birane neman aikin masana'antu, sai ma'aikatan gidan waya da kotuna da asibitoci suka rasa yadda za su yi da tulin Jensen da Nielsen da Hansen da Pedersen. A 1904 aka yi dokar da ta sauƙaƙa sauya suna da kuɗi kaɗan, don a ƙarfafa wa mutane su dawo da tsofaffin laƙubban gidajensu. Wasu sun yi, amma mafi yawa suka zauna a inda suke, har yau kuma idan aka jera sunayen iyali da suka fi yawa a Danmak, sai an wuce "sen" da dama kafin a iso Møller, wanda shi ne na farko da ba na uba ba. Mafitar da jama'a suka samar wa kansu ita ce sunan tsakiya. Misali mafi ban sha'awa shi ne na shugabannin gwamnati uku da suka biyo juna: Poul Nyrup Rasmussen daga 1993 zuwa 2001, Anders Fogh Rasmussen daga 2001 zuwa 2009, sai Lars Løkke Rasmussen daga 2009 zuwa 2011. Babu dangantakar jini a tsakaninsu, kuma jaridun ƙasar ba sa wahalar da kansu da Rasmussen, Nyrup da Fogh da Løkke kawai suke cewa.

Maƙwabta sun bi hanya mai kama da wannan, kowa da lokacinsa. Norwe ta wajabta tsayayyen suna a 1923, amma a can sunayen gonaki sun fi samun shiga, shi ya sa ake da Haaland da Solskjær da Ødegaard. Na ƙarshen nan ma'anarsa gonar da ta zama kufai, kuma yana tuna da gonakin da suka rasa masu su bayan annobar da ta shiga ƙasar a 1349. A Suwidin dokar sunaye ta zo a 1901, kuma tun kafin nan rundunar soja ta saba raɗa wa sabon soja gajeren suna irin Rask ko Modig ko Stark, mai sauri da jarumi da ƙaƙƙarfa, don kada a kira Johansson mutum goma su amsa. Miliyoyin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, kimanin miliyan 1.3 daga Suwidin da 800,000 daga Norwe da 300,000 daga Danmak, sun ƙara wa abin wani salo, domin a can Johansson ya koma Johnson, Nilsson ya koma Nelson, wasu Jensen ma suka narke cikin Johnson. Waɗanda suka riƙe Jensen ɗinsu suna da yawa a jihohin tsakiyar ƙasar da kuma Utah, inda 'yan Danmak da suka karɓi ɗariƙar Mormon suka yi sansani.

Ƙasa ɗaya ce ta ƙi sakin tsohon tsarin, wato tsibirin Aislan, wadda a 1925 ma ta hana ƙirƙirar sababbin sunayen iyali. 'Yan Najeriya sun ga wannan da idonsu ranar 22 ga watan Yuni na 2018 a Volgograd, lokacin da Ahmed Musa ya zura ƙwallo biyu a ragar Aislan a gasar cin kofin duniya. Dukkan 'yan wasa goma sha ɗaya da Aislan ta fara da su sunayensu da "son" suka ƙare, daga mai tsaron gida Hannes Halldorsson har zuwa kyaftin Aron Gunnarsson, kuma akwai Sigurdsson biyu, Ragnar da Gylfi, waɗanda ba wa da ƙane ba ne, iyayensu ne kawai suka yi tarayya a suna. A can, lokacin da ake buga littafin lambobin waya, da sunan yanka ake jera shi, kuma shugabar ƙasa irin Vigdis Finnbogadottir, wadda ta yi mulki daga 1980 zuwa 1996, Vigdis kowa yake ce mata ba tare da an ga rashin ladabi ba. Ana ma iya jingina mutum ga mahaifiyarsa, kamar tsohon ɗan wasan nan Heidar Helguson, ɗan Helga. Abin lura a wannan wasa shi ne, ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna a wajen suna fiye da yadda masu sharhi suka zata, domin duk Bahaushen da ya ji an ce Ahmed Musa, Ahmed ɗan Musa zai fahimta.

Wannan ne ya sa labarin Jensen bai yi mini nisa ba. Tsarinmu na gargajiya shi ne nasu na kafin 1828. Mun san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Nana Asma'u 'yar Shehu, daga baya muka zubar da "ɗan" da "'yar" a rubutu muka jera sunayen kawai, ta yadda Musa Ibrahim zai haifi Aliyu Musa, shi kuma ya haifi Musa Aliyu, tunda mu ma muna mayar wa jariri da sunan kakansa, sai a sakaya a ce masa Abba ko Baba saboda alkunya. Mace ba ta rabuwa da sunan mahaifinta don ta yi aure, kuma malamai suna kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ahzab a kan jingina mutum ga ubansa. Makarantun boko na farko sun yi mana abin da gonaki suka yi wa mutanen Norwe, inda aka riƙa bambanta ɗalibai da sunan garinsu, aka sami Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari. Yanzu kuwa takardun fasfo da na banki da na jarrabawa da katin ɗan ƙasa duk suna da gurbin sunan iyali, kuma gidaje da yawa, musamman masu tafiye-tafiye, sun fara zaɓar sunan kaka ɗaya suna liƙa wa uwa da 'ya'ya da jikoki don takardu su dace da juna. Babu dokar da ta tilasta wannan kai tsaye, gurbin da ke kan takarda ne yake yin aikin a hankali. Idan aka duba cewa sunayen yankan da suka fi yawa a cikinmu ba su wuce Muhammadu da Abubakar da Ibrahim da Abdullahi da Usman da Musa da wasu 'yan kaɗan ba, ba shi da wuya a hango irin cunkoson da zai biyo baya idan suka daskare a inda suke, kuma ni na fi ganin amfanin a riƙe laƙabin gida ko na unguwa ko na sana'a a matsayin na zuriya, a bar sunan uba yana sauyawa a tsakiya.

A Danmak kanta guguwar ta juya. Dokar sunaye da ta fara aiki ranar 1 ga watan Afrilu na 2006 ta sake halatta sunan uba na gaskiya, ta yadda ɗan Jens zai iya zama Jenssøn, 'yarsa kuma Jensdatter, ana kuma iya ginawa a kan sunan uwa. Norwe ta yi irin wannan gyara a dokar da ta fara aiki a 2003, Suwidin ma ta sauƙaƙa nata a 2017. Dokar ta Danmak ta raba sunayen iyali gida biyu: wanda masu amsa shi suka haura 2,000 kowa yana iya ɗauka, wanda bai kai haka ba kuwa yana da kariya, sai mai alaƙa da gidan ko wanda masu sunan suka yarje wa. Jensen yana cikin na kowa, amma masu fita daga cikinsa sun fi masu shiga yawa. Ma'aurata sukan zaɓa wa 'ya'yansu sunan da ya fi ƙaranci a tsakanin na uwa da na uba, wasu kuma suna zubar da "sen" ɗin gaba ɗaya su mayar da sunan tsakiya ya zama na iyali, sannan tsofaffin da suka fi yawa a cikin masu sunan suna ta rasuwa. Adadin da ya haura 360,000 a 1971 ya faɗo ƙasa da 250,000, duk da cewa jama'ar ƙasar sun ƙaru zuwa kusan miliyan shida, kuma a tsakiyar shekarun 2010 Nielsen ya karɓe matsayi na ɗaya. Shi ma Nielsen ɗin raguwa yake yi kowace shekara, sai dai tasa raguwar ba ta kai ta Jensen sauri ba.